Adon Ƙofar Gida da Darajarsa a Kasuwa: Waiwaye Kan Shekaru Ɗari a Damagaram da Kewaye

Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar gida kuwa ita ce ƙofarsa. A Damagaram, da Maraɗi, da Tasawa, da Tawa, baƙo ba ya ganin tsakar gida, domin zaure da katanga sun tsare masa. Iyakar abin da idonsa ke kaiwa gare shi shi ne bakin ƙofa, da zanen da aka kewaye ta da shi, da zankwayen da ke tsaye bisa kanta. Da wannan ɗan abin da ya gani ne yake auna mai gida tun bai yi sallama ba. Saboda haka ne magabata suka zuba wa wannan wuri hikima da dukiya fiye da kowane sashe na wajen gida.

Tarihin sarauta ba ya ƙarewa ga jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, akwai wanda magina suka rubuta a jikin bango. A cikin shekaru ɗari da suka shuɗe, adon ƙofa ya tashi daga fada ya shiga gidajen attajirai, ya bar laka ya koma siminti da ƙarfe, daga bisani kuma ya faɗa bakin dillalai, inda ake tambayar ko yana ƙara wa gida kuɗi ranar da za a sayar. Wannan tambaya ta shafi kowane iyali da ke da gidan gado a tsohuwar unguwa, domin amsar da aka ba ta ita ke sa a gyara ƙofa ko a rushe ta.

Ƙofa a zamanin Birni

Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi kimanin shekara 30 a kan gado. A zamaninsa ne aka kewaye Birni da ganuwa, aikin da ya ci gumin talakawa da bayi masu yawa. A wajen ganuwa akwai Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fatake, inda gishirin Bilma, da fatu, da gashin jimina, da kayan Tarabulus suke sauya hannu. Garin da dukiya ke bi ta cikinsa ba ya rasa magina, kuma sana'ar gini tana da shugabanta a tsarin sarauta, wato Sarkin Magina, kamar yadda maƙera ke da nasu.

Aikin ƙofa yana farawa ne tun daga tushe. Bayan kaka, idan ƙasa ta bushe, sai a kwaɓa birji da ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Magini yakan ɗaga bangon zaure da kauri daga ƙasa, yana rage shi yana hawa. Idan ya kai tsayin ƙofa, sai ya gicciya azarar giginya ko ta goriba, wadda gara ba ta ci da sauƙi. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba, don haka faɗin ƙofa ya dogara ga abin da itace zai iya. A kewayen bakin ƙofar ne ake ƙara kaurin yaɓe, a fito da shi kamar gezar riga, domin ya tsare gefen bango daga gogar kafaɗa da ta kaya, ya kuma kore ruwan sama daga azara. Ke nan abin da ido ke ɗauka ado ne, asalinsa kariya ce.

A kan wannan kauri ake yin zane. Hanya mafi daɗewa ita ce a sarrafa laka tana ɗanye, magini yana fito da tudu da kwari da yatsunsa. Akwai kuma sassaƙawa da wuƙa a jikin yaɓe kafin ya bushe, da shafa launi a kan bango mai santsi, da farar ƙasa, da jar ƙasa, da shuni. Dagi shi ne sarkin zane, ana kuma yin takobi, da allo, da layu, da surorin da aka aro daga aikin wuyan riga da na dukawa. Domin kada damina ta wanke aikin, sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kan katanga da zankwaye kuma akan yi musu laso, haɗin katsi daga marina, da gashin da majema suka kankare, da dafara. Shi kuwa ƙyaure, wanda wasu ke kira gambu, aikin masassaƙa ne da maƙera: alluna masu kauri, an ɗaure su da ƙarfe, an jera musu ƙusoshi masu manyan kawuna. Ƙofa ɗaya takan haɗa magini, da marini, da majemi, da maƙeri a kanta.

A wancan zamani ba kowa ke ƙawata wajen gidansa ba. Mafi yawan ado yana ciki ne, a rufin zaure da ɗakin amarya. Nuna wadata a fili a gaban masu mulki abu ne da mai hankali yake yi da taka-tsantsan. Talaka dai tufaniya ko asabari ya ishe shi.

Abin da ake sayarwa a da

A bisa al'ada, ƙasa tana hannun sarki. Mai neman wurin zama yakan bi ta hannun mai unguwa, a nuna masa fili, ya yi gaisuwa, ya gina. Idan wani dalili ya sa zai rabu da gidan, abin da yake sayarwa shi ne aikin da ya ɗora a kai. Laka kuwa ba ta da tsada, ko'ina akwai kududdufi. Abin da ke da kuɗi a cikin gida shi ne azara, da ƙyaure, da ƙarfen da ke jikinsa. Shi ya sa idan gida ya zama kango, waɗannan ne ake fara cirewa, a bar bango ya koma ƙasar da aka ɗebo shi.

Ta wannan fuska, ƙofa tana cikin ainihin dukiyar gida. Mai ciniki yakan ɗaga kai ya ƙirga azara, ya ƙwanƙwasa ƙyaure ya ji nauyinsa. Zanen da ke kewaye ba a yi masa kuɗi dabam, amma yana ba da shaida: gidan da makubarsa take sabuwa, gida ne da ake hawa rufinsa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Sai dai sayar da gida ba abu ne da aka saba ba. Gida na zuriya ne, wanda ya sayar da na ubansa kuwa ya daɗe yana shan zunɗe.

Zamanin gyaɗa da attajirai

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, gidan sarauta ya zauna ba sarki daga cikinsa har 1923, lokacin da Barma Mustafa ya hau gado. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. A daidai wannan tsakani ne fataucin hamada ya mutu: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Italiya kuma ta afka wa Tarabulus a shekarar nan. Kasuwa ta juya ta fuskanci kudu.

Abin da ya maye gurbin ayari shi ne gyaɗa. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960, ƙasashen Magarya, da Matamai, da Tasawa, da Maraɗi sun zama rumbun gyaɗa, kamfanonin Turawa suna saye ta hannun ƴan ƙasa masu shiga ƙauyuka da sikeli. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA domin wannan ciniki. Daga cikin masu awon gyaɗa, da masu motocin sufuri, da ƴan kasuwar yadi ne aka sami sabon rukunin masu kuɗi waɗanda ba su gaji sarauta ba. Mutumin da ba shi da tambari ba shi da algaita, ina zai nuna cewa Allah ya buɗa masa? Sai a rigarsa, da dokinsa, da ƙofar gidansa.

Wannan zamani ne ya cika lungunan Birni da Zango da fuskokin gidaje masu zane, waɗanda suka sa sunan Zinder ya fita. Zanen da a da ya tsaya a bakin ƙofa sai ya bazu ya rufe goshin zaure baki ɗaya. Da siminti da fenti suka samu, magina suka riƙa sassaƙa zane a jikin shafen siminti, suna cike gurabe da launuka masu haske. A biranen ƙasar Hausa, har da Kano da Zariya, sababbin surori sun shiga cikin tsofaffi: keke, da agogo, da mota, da jirgin sama. Wasu sukan sa a rubuta shekarar gini ko sunan Allah a saman ƙofa. Alhajin da ya dawo daga Makka kuma yakan tarar an sabunta masa fuskar gida.

A waɗannan shekaru ne adon ƙofa ya fi yin tasiri a ciniki, domin mai saye da mai sayarwa idonsu ɗaya ne. Dukansu sun san hannun kowane magini, sun san kwana nawa aiki ya ci. Wanda ya sayi gidan da aka san ƙofarsa ya sayi wani abu na sunan mai shi, har ana kwatance da ita a gari.

Fili, takarda da siminti

Abin da ya sauya lissafi bai zo daga wajen magina ba. A 1932 Faransa ta fitar da dokar rajistar filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, wadda ta ba mai takarda mallaka tabbatacciya. Da farko ƴan kaɗan ne suka kula da ita, amma hukuma ta ci gaba da yanka filaye a sababbin unguwanni tana bayarwa da takarda. Maraɗi ta ga wannan sauyi a dare ɗaya. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka tashe shi zuwa kan tudu, aka shata masa tituna miƙaƙƙu da filaye masu kusurwa huɗu. Alhazan Maraɗi da suka yi tashe bayan haka, a irin waɗannan filaye suka yi gininsu.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Kwanon rufi ya yawaita, bulo ya fara korar tubali. Farin 1973 da cutar da ta biyo baya sun karya noman gyaɗa, mutanen karkara suka kwararo birane, kuɗin yuraniyom na Arlit kuma ya haifar da ma'aikata masu son gida irin na bariki. Da mota ta shiga gida, sai zaure ya zama cikas: ana bukatar ƙofa mai faɗin da azara ba za ta iya ɗauka ba. Masu walda suka karɓi aikin maƙera da masassaƙa, suna lanƙwasa ƙarfe suna fito da fure, da tauraro, har da dagin kansa. Ado bai mutu ba, ya koma jikin ƙarfe da tayil.

Sakamakon haka shi ne ma'auni ya kife. A da fili kyauta ne, gini ke da kuɗi. Yanzu a tsakiyar gari fili ne ke da kuɗi, tsohon ginin laka kuwa sau da yawa mai saye yana lissafa shi a cikin abin da zai kashe wajen rushewa da kwashe ƙasa. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ƙara tsadar kayan gini na waje, ta kuma ƙara wa mutane sha'awar adana dukiyarsu a cikin filaye.

Abin da mai saye ke dubawa a yau

Idan dillali ya kai mai saye ganin gida, tambayar farko ita ce takarda: ta hukumar gari ce, ko ta mai unguwa, ko kuwa gidan gado ne da ba a raba ba. Sai unguwa da faɗin fili, sai ko mota tana shiga lungun, sai ko ruwa yana kwanciya da damina, sai famfo da lantarki. Ƙofa tana zuwa ne bayan duk waɗannan. Babu adon da zai gyara takarda mai rikici, ko ya ɗaga gida daga cikin kwari.

Amma wannan ba ya nufin ƙofa ba ta da ta cewa. Ita ce abin da mai saye ke fara gani, kuma tayin farko yakan fito ne daga abin da zuciya ta ɗauka a wannan gani. Idan gidaje biyu sun yi daidai a fili da takarda, wanda bakin ƙofarsa ke tsaf, ba tsaga ba tsatsa, shi ake fara tayawa, mai shi kuma yana da bakin cewa albarka. Amfanin ado a nan ya fi bayyana wajen saurin ciniki da rage ragi, fiye da ƙarin kuɗi mai yawa. Wanda ya zuba dukiya a ƙofa yana zaton za ta dawo masa ninki ranar sayarwa, da wuya ya sami yadda yake so.

Masu saye kuma iri-iri ne. Akwai ɗan kasuwar da fili yake nema domin ya yi shaguna, wannan ko kallon zane ba ya yi. Akwai magidancin da zai shiga da iyalinsa, shi yana karanta ƙofa ne domin ya san lafiyar ginin. Akwai kuma wanda tsohon zanen ne ya kawo shi, ɗan gari mai kishin unguwar kakanninsa ko mai son buɗe masaukin baƙi. Irin wannan na ƙarshe ba su da yawa, sun kuma ƙara raguwa tun da rashin tsaro ya rage masu yawon buɗe ido daga ƙarshen shekarun 2000.

Akwai adon da ke rage kuɗi. Wanda aka yi shi da gaggawa ana gobe za a kawo mai saye, domin a rufe tsaga, ƙwararren magini yana gane shi da ƙwanƙwasa ɗaya, daga nan kuma zargi ya shiga dukan gidan. Haka nan adon da ya cika ɗaure da mai shi, kamar sunansa da aka zuba da siminti, sabon mai gida sai ya biya kuɗi kafin ya kankare. Babban kuskure kuwa shi ne shafa siminti ko liƙa tayil a kan bangon laka. Laka tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma yana kulle shi a ciki. Bayan ƴan damina sai shafen ya rabu da bango, ruwa ya bi ta baya, ƙasa ta zube a ɓoye alhali waje yana sheƙi.

Saboda haka magina na ƙwarai suna da tsarin da suke bi. A fara duba azara ko ƙarfen da ke ɗauke da saman ƙofa. A gyara indararo domin kada ya zubo a kan goshin zaure. A ɗaga dokin ƙofa sama da hanyar ruwa. Bangon laka a yi masa yaɓen laka da makuba, na bulo a yi masa siminti. Idan katako za a kafa, a sa masa maganin gara, kada kuma ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ado shi ne na ƙarshe, kuma da rani ake yin sa.

Gidan gado da nauyin da ke kan sarauta

Mafi yawan tsofaffin ƙofofi ba a kasuwa suke mutuwa ba, a wurin rabon gado ne. Idan magada sun yi yawa, gida ɗaya ba ya rabuwa, sai a kira masu sani su ƙiyasta shi da kuɗi. Idan masu ƙiyasin ba su ga komai ba sai fili, to an yanke wa zauren hukunci ke nan. Mazhabar Malikiyya ta bar wata kafa a nan, wato shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓar kason da kuɗin da aka saya. Dokar ƙasa kuma ta ba sarakuna ikon sasanta jama'a a al'amuran gargajiya, don haka sau da yawa a gaban mai unguwa ko a fada ake fara wannan magana. Kalma ɗaya daga bakin sarki, cewa a sa tsohon magini cikin masu ƙiyasi, ko a ba ɗan gida lokaci ya tara kuɗin ƴan'uwansa, tana iya tsayar da ginin da ya ga sarakuna huɗu.

Duniya ma ta shaida darajar wannan aiki. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Nijar ta yi dokar kare kayan tarihi a 1997. A 2006 aka shigar da unguwar Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da ƙasa ke neman UNESCO ta amince da su, a 2013 kuma tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya. Sai dai takarda ba ta hawa rufi. A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Idan ginin da dukan gari ke kallo ya faɗi, ina ga zauren da magadansa suka watse, wasu a Yamai, wasu a Kano?

Kammalawa

Tarihin shekaru ɗari ya nuna cewa adon ƙofa yana ƙara wa gida daraja ne muddin yana faɗin gaskiya game da ginin da ke bayansa. Haka yake a zamanin azara da makuba, haka yake a zamanin ƙarfe da tayil. Abin da kasuwa ba ta iya yi wa kuɗi shi ne hannun da ya san kwaɓin laso da zaman dagi, kuma masu wannan hannu tsufa suke yi, ƴaƴansu da yawa sun koma bulo. Muddin fada tana kiran Sarkin Magina duk shekara kafin damina, attajirai kuma suna ba almajiransa aiki a sababbin gidajensu, sana'ar za ta sami magada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa sarakunanmu lafiya da adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.